Rukunin Albasa da Rukunin Yaji

Mahaifinmu manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da dam ɗin Goronyo. Bai yi boko ba, don haka ba ya rubuta sunansa a jikin buhu kamar yadda wasu ke yi. Sai ya samo farin fenti ya zana balbela tsaye da ƙafa ɗaya. 'Yan dako da direbobi a kasuwar Achida duk sun san buhun mai balbela, kuma sun san abin da ke bakin buhun shi ne a gindinsa.

Da Allah ya yi masa rasuwa, mu biyu ya bari, ni da yayana. Yaya ya riƙe gonar da cinikin albasa. Ni ina aure a Wurno, ina daka yajin tafarnuwa, ina kuma shanya ganyen albasa in yi gabu don miya. Da sana'ar ta ɗan yi ƙarfi na fara zubawa a robobi, na sa aka buga mini takardar mannawa da hoton balbelar Baba. Ban nemi izinin kowa ba, shi ma Yaya bai taɓa cewa komai ba.

Wata ranar kasuwa ya kira ni a waya ransa a ɓace. Ya ga buhunan wani mutum da farin tsuntsu irin namu, albasar ciki kuwa rabi ta fara ruɓa. Wani dillali ya ba shi shawarar ya yi wa tambarin rajista, har ya haɗa shi da wata lauya a Sakkwato. "Ki shirya mu tafi tare," in ji shi, "ke ad da karatun boko."

Lauyar mace ce mai sanyin magana. Ta duba zanen, ta yi murmushi, sannan ta tambaye shi a kan waɗanne kaya yake son a tsare masa tambarin.

"Duka," ya ce. "Namu na, gadon ubanmu na."

Ta yi masa bayani cewa ba haka ake yi ba. An kasa kayan ciniki da ayyuka rukuni-rukuni har arba'in da biyar, kowane rukuni kuma da tasa takardar nema da nasa caji. Rajistar da ka yi a rukuni ɗaya ba lalle ta kare ka a wani ba. Ɗanyar albasa tana rukunin amfanin gona da ba a sarrafa ba. Idan an busar da ita, ta koma wani rukuni. Kayan ƙamshin miya kuma suna wani dabam.

Yaya ya kama haɓa. "Albasa guda, gida uku?"

Daga nan ya shiga lissafo abin da ke ransa: shinkafa, ruwan leda, har da motocin ɗaukar kaya. Ba ya da ko ɗaya daga ciki. Lauyar ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Malam, ka zaɓi abin da kake sayarwa yau, da wanda ka tabbata za ka fara nan kusa. In ka kama rukuni ka bar shi shekaru ba ka amfani da shi, wani na iya neman a soke." Sai ta juyo wajena. "Ke fa, Hajiya, ba ki sa tambarin a kan komai?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya amsa. "Tata 'yar sana'ar cikin gida ta, ba ta kai ga wagga magana ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba, na san halinsa. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. A mota har muka wuce Achida Yaya yana ta zancen injin casar shinkafa da Baba ya yi ta burin saye har ya rasu bai samu ba. A nan na gane ba kwaɗayi ne ya sa shi ambaton shinkafa ba. Ni ma ina da nawa ciwon, shi ma yana da nasa, kowa na kallon titi.

Na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarmu, ina tsammanin za ta kira shi ta yi masa faɗa. Tana tankaɗe ta saurare ni har ƙarshe. "To mi kike so in ce?" ta tambaye ni. "Ya taɓa zuwa ya ga aikin naki? Kullum sai dai ki aiko mai da roba guda. Kira shi ya gani."

Haka na yi. Ya zo Wurno ranar da muke daka. Ya tarar da matan unguwa a tsakar gida, wasu na ɓare tafarnuwa, wasu na tankaɗe, ga kwalaye jere da za a kai tasha zuwa Kaduna. Barkono ya shaƙe shi ya yi ta atishawa, matan na yi masa dariya. Ya ɗauki roba ɗaya yana jujjuyawa, ya daɗe yana kallon takardar jikinta.

Bai ba ni haƙuri ba, ba al'adarsa ba ce. Cewa ya yi, "Shi wanga yaji, wane rukuni lauyar ta ce?"

Da muka koma wurin lauyar, gabu ne ya tsayar da mu. A Legas ta tashi, ba ta san shi ba. Na ciro curi ɗaya daga jaka ta sansana. Ta tambaye ni ko cinsa ake yi kamar ganye, ko don ƙamshi ake sa shi. Na ce ɗan kaɗan ake marmasawa a miya. Ta ce to a matsayin kayan ƙamshin miya za ta bayyana shi, ya bi yaji. Muka tsaya a kan rukuni biyu, na ɗanyen amfanin gona da na kayan ƙamshi, da sunanmu mu biyu. Ta gaya wa Yaya cewa casasshiyar shinkafa ma a rukuni ɗaya take da yaji, amma ba za ta rubuta ta cikin kayan ba sai ranar da yake da ita. Ya ce, "Bar ta. In Allah ya kawo inji, mu dawo." Ruwan leda da motoci bai ƙara ambatonsu ba.

Takardun sun daɗe ba su fito ba, har na daina tambaya. Mai farin tsuntsun nan ma ya sauya zanensa tun kafin su iso, da dattawan kasuwa suka yi masa magana. Wani lokaci nakan ce a raina, ashe da ba mu je ba ma da an zauna lafiya. Sai kuma in tuna cewa da wata baƙuwa ba ta tambaye mu abin da muke sayarwa ba, da har yau ni da ɗan'uwana ba mu zauna mun yi wannan magana ba.

Bara babbar 'yata ta fara haɗa sabulun darbejiya, ta zo tana son ta sa tambarin gidanmu. Na ce mata sabulu ba ya cikin rukunanmu, kuma ba na son mai saye ya ga alama ɗaya a kan abin miya da abin wanka. Ta kai maganar wurin kawunta. Shi kuwa ya goyi bayanta, ya ce jika ma tana da rabo a gadon kakanta, a je a ƙara rukuni. Har yanzu ba mu daidaita ba. Ita dai tana ta sayar da sabulunta a farar leda, ba ta sa masa komai ba tukuna.