Tauraro a Kan Farar Giyar Teodora

Gabana ya faɗi ne ranar da na ga ɗan tauraro a katin farashin giyarmu. A katafaren kantin nan na masu katin shiga, tauraro na nufin in kaya sun ƙare ba za a sake kawowa ba. Ban daɗe da gama jami'a ba, kuma sayar da giyar inabin Teodora Silveira ne aikina na farko.

Teodora ta haura sittin. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ke riƙe da gonar inabinsu a garin Lodi. Na kira ta a waya.

"Goggo, sun sa mana tauraro."

"To sai me? Gawa ka gani? Mutanen nan nama suke gasawa, jar giya suke sha. Tamu fara ce, kifi take so. Tada mota ka zo ka ɗauke ni, sarkin tsoro."

Kowane reshe na kantin da irin giyar da yake ajiyewa, daidai da bakin mutanen garin. Ta nace har aka yarda a gwada tamu a reshen bakin teku. Ranar Asabar ta tsaya gefen kwalaben da takalmin gonarta, duk wanda ta ga ya ɗauko kifi sai ta tare shi. Kafin yamma ko kwalba ɗaya ba ta rage ba. A mota ta yi ta waƙa, ni kuwa ina tuƙi.

Manajan reshen ya ce zai kira in za su ƙara saya. Muna nan muna jira.