Raɗin Sunan Kaset Arba'in

Duk unguwar New Bell babu wanda ya san takamaiman aikin Abdulganiyu, har matarsa Zulfa. Abin da kowa ya sani, kullum da safe yakan fito da rigar sanyi a hammata, a garin da ko kaza gumi take yi, ya hau babur zuwa wani kamfanin jiragen ruwa. Shekara ashirin da biyu yana kiwon wata tsohuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa, ƙatuwa kamar an jera firji goma, a ɗakin da sanyinsa ke sa haƙori rawa. Abincinta kaset ne masu kama da sabulun wanki, a cikinsu take zuba duk abin da kamfani ke tsoron mantawa.

Faransanci kuwa ya sha shi har ya ƙware. Ko atishawa da shi yake yi. A masallaci ma aminsa ta hanci take fita.

Sabon kaset ba ya karɓar komai sai na'urar ta fara rubuta masa lamba a ka. Wannan aiki yana da dogon suna a ofis, amma a gida Abdulganiyu "raɗin suna" yake ce masa, don a huta.

Wata Litinin aka kawo kaset arba'in daga kwantena, da ɗuminsu. Ya sa na farko, na'ura ta yi kaki ta tofo shi. Na biyu ma haka. Ya goge mata baki, ya duba ɗan makullin da ke hana rubutu, ya kashe ya kunna, ya lallashe ta da harshe uku. Ko a jikinta. Sabon shugaba, wanda da ma hanya yake nema ya sallami na'urar da mai kiwonta, ya ba shi kwana goma, in ta ƙi ya kwashe rigar sanyinsa.

Ya dawo gida ya tasa tuwo gaba yana kallo. Kakarsa Inno, wadda ke rantsuwa ta girmi kogin Wuri, ta leƙo.

"Angona, wa ya mutu?"

"Babu kowa, Inno. Raɗin suna ne ya ƙi."

"Yaushe aka haife su?"

"Yau aka kawo su."

"Yau! Cibiya ɗanya za ka raɗa suna? Ina ka taɓa gani? Sai kwana bakwai, kai da boko ya cinye wa kai!"

"Inno, kaset ne fa. Roba ce."

"To, roba ba ta da mutunci? Tashi ka ba ni wuri, miji ba wayo."

Ya yi dariya har da buga cinya. Amma da safe, da ya ɗaga wani kaset sama, sai ya ga raɓa a cikin kwalinsa. Ashe zafin tashar jiragen ruwa suka kwaso, aka jefa su cikin ƙanƙara, suna ta gumi ta ciki. Ya binciko littafin na'urar mai kaurin katifa, can a wani shafi da bai taɓa kaiwa ba an ce a bar sabon kaset ya saba da ɗaki kafin a taɓa shi.

Littafi ya ce kwana ɗaya ya isa. Inno ta ce bakwai. Abdulganiyu ya auna wanda zai fi iya zaginsa, ya bi Inno. Ya rubuta wa shugaba takarda shafi uku yana neman a bar kaset ɗin su kwana bakwai, da wata kalma mai tsawon da sai da ta ci layi biyu. Shugaba ya ji kunyar tambayar ma'anarta, ya sa hannu.

Ran kwana bakwai na'ura ta haɗiye na farko, ta yi gurnani, ta raɗa masa suna. Kafin azahar duk arba'in sun samu nasu. Shugaba ya leƙo, ya yi gyaran murya, ya koma, bai sake ta da maganar sallama ba.

Inno da ta ji labari tambaya ɗaya ta yi: ina raguna? Kowane jinjiri da nasa. An kwana uku ana ciniki kafin ta sauko daga rago arba'in zuwa zakara ɗaya, shi ma da sharaɗin cinya biyu nata ne. Unguwa kuma ta yi nata raɗin. Yanzu ko liman, in zai kira shi, Baban Arba'in yake cewa.