Kwatamin da Muka Yi wa Kwalliya

Da ruwan Kainji ya cinye tsohon garinmu, gwamnati ta gina mana sabo a kan tudu, ta haɗa mana da wata kyauta da ba mu roƙa ba: wurin tace ruwan ƙazanta. Manyan tankunan siminti ne, bakinsu a buɗe. Ruwan mahauta da na gidajen ma'aikata duk can yake gangarawa, wai inji ya tace shi kafin ya koma tafki. Injin ya mutu tun ina ɗan makaranta. Daga nan muka riƙa kiran wurin kwatami, don abin da ya zama ke nan.

Gidan da ya fi kusa da shi na Innata ne. An ba ta gefen gari saboda hayaƙi, domin bandar kifi ce sana'arta, kuma da ita ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. A da, dillalan Yelwa har rige-rige suke a kan kwandonta. Da kwatamin ya nuna, sai korayen ƙudaje suka tare a gidanmu, dillali ya ɗauki tarwaɗa ya sansana, ya ajiye, ya ce zai dawo. Ba ya dawowa. Inna ta san in ba a ɗauke abin nan ba, murhunta zai mutu.

Mun yi shekaru muna kuka, har na gama karatu na dawo garin ina koyarwa. Sai ga labari daga Sakkwato: an ware kuɗin ɗauke irin wannan wuri guda ɗaya a shekarar, kuma kwamiti zai zo ya gani da idonsa. In ya ga cuta, ya amince a mayar da namu bayan dutse, nesa da mutane. In bai gani ba, kuɗin na wani gari ne. Magana ce da ko ɗan aji ɗaya zai gane. Abin da ake bukata gare mu kawai shi ne mu naɗe hannu, mu bar wari ya yi mana magana.

Amma muna da Kawu.

Kawu yayan Inna ne, shi ne kuma mai unguwa. Irin mutumin nan ne da in baƙo zai kwana gidansa, sai ya ari sabuwar tabarma ya ɓoye tasa a rumbu. Ya tara mutane ƙofar gidansa, ya gyara rawani.

"Manya za su taka garin ga daga Sakkwato, su iske mu cikin wari? Mi za su hwaɗi in sunka koma? Su ce mutanen bakin ruwa ƙazamai na?"

Na ce, "Kawu, ai warin ne za su zo ji."

Ya ce, "Kai boko ta cinye ma kunya. Zamna."

Dattawa suka gyaɗa kai, kamar ya faɗi wani abin hikima.

Ban taɓa ganin garinmu ya haɗa kai kamar a makon nan ba. Mutanen da in aka kira gayyar gyaran masallaci kowa ciwon baya yake yi, ga su nan da fartanya tun hantsi. Aka hana mahauta yanka. Aka cusa tsummoki da laka a bakin babban bututun da ke kawo ruwan. Aka yi ta kwaso toka gida gida ana zubawa a kan tankunan har suka yi fari fat, sannan aka kewaye su da sabon zana. Wani mai basira ya saro rassan dogon yaro ya kafa su a jere, wai itatuwa ne. Rumfar baƙi kuwa, sai da Kawu ya watsa ƙasa sama ya ga inda iska ta nufa, ya sa aka kafa ta ta ɗaya gefen.

Duk wannan haushi kawai ya ba ni. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da na tarar da Inna duƙe da tsintsiya, tana share tsakanin ƙofarta da zanan.

"Inna, ke ma?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baƙo na zuwa ƙohwata, in bar ta hakanga?"

Ran da suka zo, mata sun cika kasake da turaren wuta. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai tabarau, ya sauko daga mota da hankici a hannu, ya riga ya kai shi kusa da hanci. Ya shaƙi iska, ya dubi abokan tafiyarsa, ya ninke hankicin ya mayar aljihu. Ina ganin haka na san kuɗinmu sun tafi. Na matsa in ja shi bayan zana, Kawu ya damƙe mini hannun riga ya ce in je in ga ko ruwan wanke hannu ya iso.

Ban ga laifin dattijon ba, ya ma yi abin da ya kamata. Bayan ya ci giwan ruwan da Inna ta banda musamman dominsu, ya sa aka kira ta.

"Inna, an ce ke ce maƙwabciyar wurin nan. Yana damun ki?"

Mutum yana zaune da abincinki a bakinsa, gari duka ya zuba miki ido, yayanki yana gyaran murya. Ta sunkuyar da kai.

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Lahiya muke."

Washegari toshiyar bututun ta ɓalle. Ruwan da aka tare duk kwanakin nan ya taho gaba ɗaya, ya tsallake tankunan, ya kwashe tokar da zanan, ya shiga tsakar gidan Inna har cikin murhu. Bayan wasu watanni amsa ta zo daga Sakkwato: kwamiti ya amince wurin ya zauna inda yake, kuɗin sun tafi wani gari, kuma ana yaba wa jama'armu a kan tsabta. Kawu ya yi mako yana maimaita wannan yabon ga duk wanda ya tsaya gaishe shi.

Dillalai suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Kafin damina Inna ta rushe murhunta da hannunta, ta ɗaure kayanta za ta koma wurin ƙanwarta a Warra. Tafki ya tashe ta sau ɗaya tana da ƙarfinta, yanzu ga ta da furfura kwatami ya sake tashinta. Na ɗora mata kaya a jirgin ruwa.

Kawu ya rako mu bakin ruwa. Ya daɗe yana kallon kayan, sannan ya ce, "To, ko ba komi, ba mu ji kunya gaban baƙi ba."

Inna ta ce, "Ƙwarai, Yaya. Ba mu ji ba."

Ta zaro tsintsiyarta daga cikin ƙunshin tabarma, ta miƙa masa.

"Riƙe wagga. Wataƙila wasu baƙin na tahe."