Hajiya Maijidda da Uwar da Ba Ta Kiran Sunan Ɗanta

Idan hantsi ya ɗaga a unguwarmu ta Malumfashi, Hajiya Maijidda Aƙilu takan shimfiɗa tabarma a gindin lemon da ke tsakar gidanta, domin nan ne kawai sabis yake tsayawa. Iyalina, waɗanda katanga ɗaya ta raba su da ita, sun ce sai kokonta ya huce ba ta kurɓa ba, tana bin saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya. Masu aiko su iyaye ne da 'ya'yansu ke fama da cutar daji: wata daga Maska, wani daga Ƙarfi, wata kuma daga bakin gado a babban asibitin Zariya. Ba ta rubuta magani, ba ta yi wa kowa alkawarin waraka. Aikinta shi ne kada uwa ko uba su karye kafin ɗansu ya gama karɓar magani.

Ta yi aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa har ta yi ritaya. Daga nan ta buɗe zaure a WhatsApp, na mata daban, na maza daban, ta hana tallar magani a ciki, ta hana sa hoton yaro a halin ciwo. Duk wadda ta shigo, kafin a tambaye ta mai jiki, Hajiya takan tambaye ta yaushe rabonta da barci.

Wannan tambaya ta daɗe tana damuna. Mu mutane ne masu zuwa dubiya, kuma ba ma zuwa hannu wofi. Amma idonmu kan gado yake tsayawa. Mukan ce Allah ya ƙara sauƙi, mu ce a yi haƙuri, mu sa takalmanmu, alhali ga mace nan a gefe ta rame fiye da majinyacin, babu wanda ya dube ta.

Labari ɗaya zan kawo, wanda na shaida, kuma masu shi sun yarje mini in faɗa. Hajiya da kanta ba za ta faɗa ba ko an roƙe ta.

Ummukulsum matar wani manomi ce a Tsiga, daga gidan da aka riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Ɗanta na fari, Zaharaddeen, tun da aka yaye shi yake ɗakin kakarsa. Uwar ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, idan za ta yi zancensa sai ta ce "na Inna". Da sankarar jini ta kama yaron, kakar ce ta fara zaman jinya a Zariya, har gwiwoyinta suka kumbura aka dawo da ita gida. Uban yana tsakiyar girbi, ga kuɗin magani daga gonar za su fito. Zaman ya faɗo kan Ummukulsum.

Ta iske kanta da ɗan da ba ta san yadda ake rarrashinsa ba. Idan an zo sa masa ruwan magani ta jijiya yana ihu yana kiran Inna, ita tana tsaye a ƙarshen gado ta juya baya. Matan da ke jinya kusa da su suka fara raɗa cewa ba ita ta haife shi ba. Yaron ya ƙi abinci. Wata daga cikin matan ce ta ji tausayinta ta sa ta a zauren Hajiya, kuma saƙon Ummukulsum na farko ba neman shawara ba ne, sallama ce: ta ce ta haɗa kaya, za ta mai da yaron wurin wadda ya sani, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Likitoci kuwa sun riga sun gaya mata cewa katse maganin a wannan gaɓa hatsari ne ga ransa.

Da wani mai ilimin zamani ne, da ya ce mata ta yi watsi da al'adar kawai. Hajiya ba ta faɗi haka ba. Ta roƙe ta ta dakata, sannan ta aiko a kira ni, saboda na yi aikin malamin gona a yankin kuma na san gidan. Ta ce in kai waya Tsiga, tana son magana da tsohuwar.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar masara, ta miƙe ƙafafu. Hajiya ta gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gwiwa, ta gaya mata abin da za ta riƙa shafawa. Sai da hira ta yi daɗi ta kawo maganar. Tsohuwar ta ce ita ba ta hana kowa komai ba, haka suka taras, kuma mutane za su yi da surukarta idan suka ji.

Hajiya ta ce, "Inna, kunyarki ce yarinyar nan take ji. Likita ba zai iya ɗauke mata ba, ni ma ba zan iya ba. Ke kaɗai ce."

Tsohuwar ta ci gaba da ɓarar masara har na ɗauka ta ƙi. Can ta ce uban yaron ma shi ne na farinta, ga shi gemunsa ya fara fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ita babu wanda ya ɗauke mata. Sannan ta dube ni ta ce in danna mata abin da ake dannawa, za ta aika wa surukarta saƙon murya.

"Ummu, ni ce. Mijin nan nawa na ba ki aronsa. Ki kira shi da sunan da aka raɗa masa, ki ɗora shi a cinya. Wanda ya ce ba ki da kunya, ki turo shi Tsiga ya same ni."

Ko da izinin ya zo, bakin bai buɗe nan take ba. Hajiya ta sa Ummukulsum ta riƙa faɗin sunan cikin saƙon murya zuwa gare ta ita kaɗai, har harshenta ya saba. Ranar da ta kira shi ido da ido, an ce yaron waiwayawa ya yi yana neman mai kiran. Ba su koma gida ba. Har yanzu suna zuwa Zariya, kuma ba zan ce ya warke ba, wannan yana wurin Allah. Abin da na sani shi ne bai ƙara fashin magani ba, kuma da suka zo gida hutu ya kai ƙarar uwarsa wurin kakarsa cewa ta kusa ƙarar masa da suna.

Yanzu kunnen Hajiya ya fara nauyi, kuma a ƙarshen watan nan za ta miƙa zauren ga Malama Yasmin, ma'aikaciyar jinya daga Funtuwa wadda ta daɗe tana koya a wurinta.

Hajiya, ke ce kika gane cewa a kowane gadon yaro majinyata biyu ne. Ke ce kika gyara ba tare da kin zagi iyayenmu ba. Mai jinyar masu jinya, mun gode. Allah ya saka miki da abin da ba mu da ikon biya.

Mu kuwa da muka saura, ba a nemi mu zama likitoci ba. Wanda yake da waya a ƙauye ya ara wa maƙwabciyarsa ta yi magana da 'yan uwanta na zauren. Wanda ya je dubiya ya gaida wadda ke zaune a gefen gado, ya jira amsarta. Tsofaffinmu kuma su duba cikin gidajensu, wataƙila akwai wadda ba ta jiran komai sai izininsu.