Ranar da Kawu Nomau Ya Yi wa Inji Ƙaho

Kafin in fara, ina neman afuwa. Shekaru sun ja, kuma ni ba mai yarda da ƙwaƙwalwarsa ba ne ko a kan abin da ya faru jiya. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka ba ni labari zan ce ji na yi. Inda kuka ji ina jan ƙafa, shakka ce, ku yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya zauna a Zongon Kwatano a shekarun juyin-juya-hali ya san kumatun Kawu Nomau. Kullum da safe za ka gan shi da tabo shida zagayayyu, uku a dama, uku a hagu. Baƙo kan ɗauka tsagen gado ne. Ba tsage ba ne. Kawu, yayan mahaifiyata, shi ke tuƙa injin buga takarda a shagon wani Alhaji da ke bayan masallaci. A kan injin akwai sanda mai ɗauke da ƙananan kofunan roba shida, kowanne da tiyo zuwa wani famfo mai zuƙar iska. Su ne ke sauka su taɓa takardar da ke sama, su tsotso ta ita kaɗai, su miƙa wa injin. Kawu ba ya fara aiki sai ya kunna famfon ya manna kowane kofi a kumatunsa, ya lumshe ido, ya ji ƙarfinsa.

Mai kokon layinmu takan ce, "Baba, yau ma 'yan matan naka sun gaishe ka?"

Ya ce, "Sun gaishe ni. Ta huɗu ce dai ke mura."

Kuma idan an duba, sai a tarar ta huɗun ta tsage.

Ni na zo shagon ne bayan na gama jami'a, ina jiran gwamnati ta tura ni aiki. Alhaji ya ɗauke ni gyaran Faransanci. Sai daga baya na gane ainihin amfanina: a lokacin duk abin da aka buga sai wani ya sa hannu cewa shi zai amsa tambaya a kai, kuma Alhaji ya lura ina da biro mai kyau. Abin tsoron ma ba kuskuren rubutu ba ne kawai. Idan kofunan suka ɗauko takarda biyu a manne, ta sama za ta sha tawada, ta ƙasa ta wuce fara fat, ta ɓuya cikin 'yan'uwanta. An ce wani mai ɗab'i a wajen unguwar Tokpa-Hoho an raba takardunsa a taro, aka samu farare a ciki, wani ya ce ai nufinsa juyin-juya-hali ba shi da abin faɗa. An ce ya yi makonni a wani wuri, ya dawo a rame ba ya son hira. Wannan ji na yi, ban gani ba. Amma na ji shi sosai, don tun daga ranar idan na ga farar takarda sai in tuna da mutumin nan.

Kawu bai taɓa kirana da sunana ba. Lisansi yake ce mini, saboda takardar shaidar jami'ata. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda roba marar ido take sanin takarda ɗaya daga biyu. Na koma littattafaina, na dawo da bayani.

Na ce, "Kawu, a iya fahimtata, kofin ba tsotsa yake yi ba. Idan an janye iskar ciki, ta waje ce ke tura takardar ta manne."

Ya ajiye tsumman hannunsa. "Turawa?"

"Haka masana suka ce, idan ban yi kuskure ba."

"Lisansi, ni ɗan wanzamai ne, kaka da kakanni. Shekara goma sha biyar ina ƙaho kafin in taɓa inji. Je ka sami mutumin da aka kafa wa ƙaho takwas a gadon baya, ka ce masa, 'Malam, ba zuƙarka ake ba, tura ka ake.' Ka dawo ka faɗa mini da wane kunne ka ji marin."

Har yau ina ganin ni ke da gaskiya. Amma ban je ba.

Sai batun roba. Iskar teku ba ta barin roba ta yi tsawon rai a Kwatano, kuma sababbin kofuna sai an yi saƙo wajen masu bin hanyar kan iyaka ta Seme su kawo daga Ikko. Kawu ya ce ba zai zauna jiran kowa ba. Wata rana aka gan shi a kasuwar Dantokpa, dattijo mai furfura, a tsugune gaban mai sayar da kayan jarirai, yana ɗaukar kan robar kwalbar shayarwa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa a bakinsa. Ya zaɓi dozin. Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Matarsa, Inna Ladi, ta tare shi a bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki.

"Malam, barka da arziki! An ce goma sha biyu aka haifa maka. Ina ka ɓoye su?"

"Suna shago."

"Sun yi kama da kai?"

"Sun fi ni jin magana."

Ya yanke kawunan da askarsa ta wanzanci, ya ɗaura su a sandar da zare. Ba zan rantse cewa sun fi na asali ba, amma sun yi aiki, kuma ba su tsagewa da wuri.

To, ga ranar da na zauna rubuta wannan saboda ita.

Wata Alhamis ce, idan ban manta ba. Alhaji ya yi tafiya arewa, Kawu ya fita alwala. Sai ga wakilin kwamitin juyin-juya-hali na unguwa, Kamarad Idi, ɗan wani mai fataucin shanu a nan Zongo, da mutum biyu ɗauke da dammunan takarda. Ya ce ana son takardun rabawa don taron ranar Asabar, dubu uku. Ko dubu biyu da ɗari biyar. Ya miƙo mini takardar yarjejeniya. Na karanta ta sau biyu, na gyara masa waƙafi ɗaya, na sa hannu. Abin da ban yi ba shi ne buɗe dammunan.

Kawu ya dawo, ya zaro takarda ɗaya, ya ɗaga ta wajen haske. Ina ganin fuskarsa ta cikinta. Siririya ce kamar ɓawon albasa.

Ya ce, "Wa ya karɓi wannan?"

Na ce, "Za a iya cewa ni ne."

"Za a iya cewa?"

"Ni ne, Kawu."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ɗora takardun, ya kunna. Kofunan suka sauka suka ɗauko uku. Suka koma suka ɗauko biyu. Takardar ta yi sirantar da iska ke ratsa ta sama ta jawo ta ƙasa. Maganin a rage ƙarfin zuƙar, amma makunnin da ake ragewa da shi tsatsa ta cinye shi tun kafin a sauya wa ƙasar suna. Na ce ko mu riƙa miƙa wa injin da hannu? Ya ce in taɓa ɗaya in gani. Na taɓa, gumin yatsana ya bar mata tabo, ta kuma yamutse.

Ya tsaya yana kallon tiyon, yana sosa gemu. Sai ya fita. Na zauna ina lissafin wa zai riƙa kai mini abinci idan an tafi da ni.

Ya dawo da tsohuwar zabirarsa ta wanzanci. Ya zaro ƙaho ɗaya, ya huda babban tiyon da tsinin aska, ya kifa faffaɗan bakin ƙahon a kan hudar, ya liƙe gefen da kakin zuma. Ya jawo kujera, ya sa ɗan ƙaramin bakin ƙahon a leɓensa.

Ya ce, "Saurara, don daga yanzu ba ni da baki. Idan na ɗan sassauta harshe, iska ta shiga, zuƙar ta ragu. Takarda ɗaya tana numfashi, zan ji ja kaɗan. Idan biyu ne, numfashin ya toshe, za ta fizgi harshena, in tsayar da injin. Kai ka tsaya can ka karɓa."

"Me zai hana ka sa yatsa?"

Ya nuna mini babban yatsansa, duk kanta. "Wannan ko wuta ba ya ji. Harshe ne kaɗai ya rage mini da taushi."

Wallahi abin ya yi! Kofunan suka riƙa ɗagowa ɗai-ɗai, a hankali, kamar mai ɗaga mayafi daga fuskar jariri. Can sai in ga girarsa ta motsa, hannunsa ya bugi birki, in duba in tarar da biyu a manne. Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba a gabana. A nan ne na sami amsar tambayata: robar ba ta san komai ba, Kawu ne ya sani.

Washegari da hantsi muna tsakiyar aiki Kamarad Idi ya shigo duba mu. Ya tsaya a ƙofa, ya ɗaga dunƙulallen hannu, ya yi kiran da aka saba: "A shirye don juyin-juya-hali!"

Na amsa da sauri. Kawu shiru, ƙaho a baki.

Idi ya maimaita, da ƙarfi. Shiru.

"Kamarad Nomau, sau biyu na kira. Ƙin amsawa yana da ma'ana, kuma wajibi ne in rubuta."

Ya zaro ɗan littafinsa. Na ce, "Kamarad, a ganina, wato ta wani ɓangaren, akwai yiwuwar cewa..." Na kasa ƙarasawa. Ban taɓa jin haushin bakina irin na ranar ba.

Sai Kawu ya janye leɓensa, ya toshe ɗan bakin ƙahon da yatsa, injin na ci gaba da tafiya. Ya juyo a natse.

"Idi ɗan Mairo. Ni na yi maka askin suna, ka yi mini fitsari a riga, ban rubuta ba. A shirye nake. Gwagwarmaya na ci gaba. Ka ji daɗi?"

Ya tsayar da injin, ya zo wajena, ya tona takardun da suka fito yana magana. Ya zaro farare guda huɗu, ya jera su a tafin hannun Idi.

"Ga amsarka. Kowace gaisuwa farare huɗu. Ran Asabar idan an tambaya, in ce na wa ne?"

Idi ya kalli takardun, ya kalli ƙahon. Littafin ya koma aljihu. Abin da ban zata ba, sai na ga son sani ya kama shi shi ma. Ya ce, "Baba, wai da gaske ana ji?" Kawu ya goge bakin ƙahon da gefen riga ya miƙa masa. Idi ya sa harshe, famfon ya fizge shi, ya yi tsalle baya yana "Wayyo!"

Kawu ya ce, "To tunda ka gane, ga benci can. Nan Zongo ne, duk wanda ya wuce sai ya gaishe ni, kuma in na yi shiru gobe a ce Nomau ya yi girman kai. Kai za ka amsa mini."

Jama'a, haka aka yi! Mutumin da ya hana a ce "ranka ya daɗe" a unguwa, shi ne a kan benci da hularsa ta kaki, yana amsa wa masu wucewa: "Lafiya lau, Hajiya. Gajiya ta bi lafiya. Iyali suna godiya. A'a, ba ciwo ba ne, aiki ne." Wata tsohuwa ta tambaye shi ko ƙafar Inna Ladi ta yi sauƙi. Ya leƙo ciki, Kawu ya gyaɗa kai, ya koma ya ce, "Ta yi sauƙi, Iya." Ba mu tsaya ba sai don sallar Juma'a, kuma muka gama kafin la'asar ta yi sanyi.

Na bi takardun ɗaya bayan ɗaya sau uku. Babu fara. Ran Asabar aka raba, ba wanda ya zo nemana. Ran Lahadi na sayi gyaɗa a bakin titi, aka ƙunsa mini a cikin ɗaya daga cikinsu. Na kai wa Kawu raina a ɓace, na ce ya ga inda wahalarsa ta ƙare.

Ya juya ƙunshin, ya murza gefen takardar da yatsu biyu.

"Ɗaya ce," ya ce. "Madalla."

Da ƙyar maganar ta fito, don leɓensa da harshensa sun kumbura, kwana uku da cokali Inna Ladi ke ba shi koko. Na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, na sha ganin ka mayar da aikin da bai kai wannan wuya ba. Me ya sa ba ka ce injin ya lalace ba?"

Ya shafa kumburarren leɓensa. Sannan ya ce, "Da Alhaji ne ya sa hannu, da injin ya kwanta jinya har ya dawo. Amma sunan ɗan ƙanwata ne a jiki. Me zan je in ce mata?" Ya haɗiye koko. "Gobe kafin ka sa hannu, Lisansi, ka taɓa takardar."

Ban yi masa godiya yadda ya kamata ba. Na ce "to" ne kawai, ina jiran in sami kalmomin da suka dace, har Allah Ya karɓi abinsa ban gama zaɓe ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Nomau. Allah Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan. Amin.

Na san akwai waɗanda suka leƙa shagon a ranar kuma suna raye. An gaya mini Malam Idi, wanda yanzu yake zaune a unguwar Vedoko, yana cewa awa ɗaya kacal ya yi a kan bencin, kuma fararen takardun uku ne ba huɗu ba. Mai yiwuwa shi ke da gaskiya. Duk wanda ya tuna abin ba haka ba, don Allah ya aiko mini ta hannun iyalan Inna Ladi, zan gyara.