Neman Jan Inabin Ɗa'ifa

Ƙarar cokali a jikin kofi ce ta tashe ni. Haka Inna ke kirana tun da ciwo ya kwantar da ita, ta daina cin komai. Ta ce, "Jan inabin Ɗa'ifa raina ke so, ba na kasuwar Balad ba." Na bar mata 'yata Hindatu, ni da Yaya Sani muka bar unguwarmu Karantina bayan sallar asuba.

Jidda zuwa Makka

Yayan nawa kuku ne a gidan wani Bature. Ya rantse bai taɓa kurɓar jar giyar maigidansa ba, na kuwa yarda, amma yangar masu shanta kam ya kwaso ta kaf. A tasi ya cika mana kunne da sunayen gonakin Faransa. Sai da soja ya leƙo a shinge yana neman takardar zama, ya ce, "Iƙama, yalla," sannan muka huta.

Ɗa'ifa

Mun hau dutsen Hada a akori-kura, ina salati a kowace kwana. Da azahar muka isa gonar wani dattijo, ya matse mana inabi a kofi, ja wur, sanyi ƙalau. Na yi bisimilla na shanye. Yaya kuwa ya ɗaga nasa saitin rana, ya jujjuya, ya cusa hanci kamar mai duba ko madara ta lalace. Ya kurɓa, ya kuskure baki, ya tofar a gindin kurangar inabin.

"Ana jin dutsen a bayan harshe," in ji shi.

Dattijo ya karɓe kofinsa. "Ni'imar Allah kake tofarwa? Halas, shi ke nan, ba na sayar muku."

"Baba, haka masana ke yi."

"Je ka saya a wurinsu."

Na shige wajen mata, na ba uwargidan labarin Inna, hawaye ya ƙwace mini. Da hannunta ta yanko, ta naɗe a jiƙaƙƙen ganye, ta ƙi karɓar ko kwabo. "Ɓoye a mayafi, kada masanin ya shinshina."

Komowa

Mun kwana a Makka gidan Gwaggo, muka karya da gurasa da wake. Yaya bai ƙara ambaton Faransa ba. Da hantsi muka iso gida lafiya, godiya ta tabbata ga Allah, Ya saka wa baiwar nan tasa, uwargidan dattijo, da alheri. Na wanke inabin, Hindatu ta kai ɗaki, ni na kasa shiga don tsoron kada ta ƙi ci, na tsaya bakin ƙofa. Can ta fito da kwano.

"Umma, Kaka ta ce a ƙaro."