Tsanwakar da Ta Zauna Shiru a Karakkai

Maƙwabcinmu a Gusau, wani dattijo Kirista mutumin Filato da ke aikin gwamnati, shi ya jefa ni cikin wahalar ɗaukar hoton tsuntsaye. Baba nake kiransa. Mutumin kirki ne, amma in aka zo kan hoto ba shi da tausayi ko kaɗan. Zan kai masa abin da na sha rana na ɗauko, sai ya ɗora a kwamfuta, ya yi ta jawo hoton har idon tsuntsun ya cika fuskarta, sannan ya ce, "Bai fito ba. Hannunka ya yi rawa."

Na kai masa balbela daga hanyar Tsafe, ya ce auduga ce aka jiƙa. Na kai zalɓe, ya ce reshen ya fito tas, sai dai ba reshe ya aike ni ba. Wallahi har haushinsa nake ji, amma ba abin da nake so irin ya ce "ya yi" ko sau ɗaya. Da na ji ya yi ritaya, ana shirin kwashe kayansa zuwa gida, sai hankalina ya tashi.

Na hau mashin zuwa Karakkai wajen kawuna, saboda akwai tsanwaka a gonarsa, tsuntsuwar nan mai shuɗin fuka-fuki. Tun safe nake bin ta. In na durƙusa ta tashi, in na miƙe ta sauka. Kawu na tsaye da fartanya yana kallona ina rarrafe cikin kunya.

"Wai mi kaka biɗa ga tsuntsuwar ga?" in ji shi.

Na ce so nake ta tsaya cik.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan. Ya ce in je in ci tuwo in yi azahar. Bayan la'asar sai ga shi ya zo da kansa, yana magana ƙasa-ƙasa, wai in taho a hankali, ta sauka kan aduwa. Ga ta kuwa a reshen ƙasa, hasken yamma na dukanta. Na matsa ba ta tashi ba. Na ƙara matsawa, sai harara take aiko mini. Na yi ta danna kyamara ina godiya ga Allah.

Da na koma Gusau da hoton, na sami Baba cikin kwalaye, kwamfutar kaɗai ba a naɗe ba. Ya jawo idon, ga shi baƙi wuluk da ɗigon haske a ciki. Ya duba gashin wuya ɗaya bayan ɗaya. Ya cire tabarau ya ce, "Ya yi."

Daɗi ya kashe ni. Da na san abin da zai biyo, da na rufe kwamfutar na gudu. Sai ya gangara zuwa ƙafa, ya tsaya. Zaren buhu ne fari ɗaure a ƙafar tsuntsuwar, an yi masa ƙulli mai kyau a reshen, har silin da ya warware ana gani.

Nan take na kira kawu a waya. Bai ko musa ba. Tarko ya ɗana mata, ya ce, kuma ya sake ta da na tafi. "To in bar ka kana rarrafe gaban mutane kamar wanda ya zautu? Ɗan ƙanwata guda?"

Baba ya yi dariya har da tari, sannan ya janye maganarsa. Ya ce shi ba ya duba hoton fursuna.

Ranar tafiyarsu na taya su loda mota, ina ta cika ina batsewa. Da zai shiga ya dafa kafaɗata ya ce, "Zaren nan fa ya fito tas. Hannunka ya daina rawa. Saura wadda ba a ɗaure ba."

Na same ta da damina, a kan wayar lantarki a hanyar Bunguɗu. Na dawo gida da saurina, har na ɗaga hannu zan buga ƙofarsu, sai na tuna wasu ne a gidan yanzu.